Birin Da Inna Take Kira

Inna tana nan da ranta, alhamdu lillahi. Na fara da wannan ne saboda malaman makarantarmu da suka ga ina cika littafi da labarin jinyarta sun ɗauka ta'aziyya nake shiryawa. Ba ta'aziyya ba ce. Laifina nake rubutawa, don duk macen da take da tsohuwa a ɗaki ta karanta tun kafin ta yi irin abin da na yi.

Ni malamar firamare ce a Batsari, a nan aka haife ni, a nan aka yi mini aure. Bahaushiya ce ni gaba da baya, Fillancina bai wuce gaisuwa ba, ita ma in na yi dariya ake mini. Mijina, Malam Bello, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Safana. Da can kullum yake zuwa ya dawo a kan babur, amma tun da 'yan bindiga suka lalata hanya sai ya kama ɗaki a can, sai bayan sati biyu muke ganinsa, wani lokaci uku. Inna mahaifiyarsa ce. A ruga take zaune wajen Babban Duhu, har daminar da aka kore musu shanu. Ƙanin Malam ya kaɗa 'yan kaɗan ɗin da suka tsira ya yi kudu da su, ita kuma aka kawo mana ita a bayan babur, da ƙwarya ɗaya da ƙullin kaya.

Akwai abin da sai kun sani kafin ku gane sauran. Malam ɗan fari ne a wurin Inna, kuma kunyar ɗan fari a wurinsu ba ta wasa ba ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa. In ya shigo gaishe ta sai ta ja mayafi ta juya wajen bango, ta amsa can ƙasa-ƙasa, shi ke nan. Ko ƙaya ce ta soke ta ba za ta ce wash a gabansa ba. Duk abin da take so ni take faɗa wa, da Hausarta mai daɗi, tana ce mini "Malama". Wato ni ce bakinta a gidan nan.

Da zuwanta ba ta iya zama ba, mutum ya saba da aiki. Da hantsi sai ta fita bayan gari ta ciro tafasa, ta roƙi zogale a maƙwabta, ta dafa ta matse, ta daka ƙuli-ƙuli ta kwaɗa, ta zauna a ƙofar ɗaki tana ci tana lumshe ido. A lokacin kuwa garin cike yake da 'yan gudun hijira daga Ruma da Wagini, wasu ma a tsofaffin azuzuwan makarantarmu suke kwana, kuma tafasar nan ita ce abincinsu. In aka ce gidan wane har tafasa suke ci, an gama faɗin komai a kansu. Ranar da matar shugaban makarantarmu ta shigo ta tarar da Inna a kan kwanon kwaɗo, ta dube ni ta ce, "Ah, Malama, ashe abin har ya kai haka?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tana fita na je na durƙusa. Na ce, "Inna, don Allah ki bar fita cirar ganyen nan. Mutane za su ce ba ma ba ki abinci. Kuma bayan gari ba lafiya."

Na biyun gaskiya ne, amma na farkon shi ne dalilina. Ta ce, "To, Malama." Ba ta sake fita ba.

Abin da muke ba ta kuwa masara ce. Shekarar nan manoma da yawa ba su shiga gona ba, wake ya yi tsadar da sai dai a gaisa da shi a kasuwa a wuce, gero ma haka, nama kuwa ba a ma maganarsa. Masara ce mai ɗan sauƙi. Da safe kokon masara, da rana tuwon masara da miyar kuka tsululu, da yamma a maimaita. Kuma sai an surfe ta fari fes, don ni ba na son tuwo mai dusa. Matar da ta tsufa tana shan nono safe da yamma, ta koma daga masara sai masara, wata da watanni. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ni kuma har alfahari nake yi a cikin malamai, ina cewa surukata ba ta taɓa kwana da yunwa a gidana ba.

Da zafi ya shigo abin ya fara. Satin farko bayan hannuwanta ne suka yi baƙi, kamar wadda wuta ta lasa, fatar tana tsagewa tana saɓa. Saman ƙafafunta ma haka, sannan wani baƙin ya zagaye mata wuya kamar an rataya mata tsakiya. In ta zauna a rana sai ya ƙara zafi. Na je kemis na kwatanta, aka ba ni man shafawa aka ce ƙaiƙayi ne. Sai na kira maƙwabciyarmu Gwaggo Lami, tsohuwar ungozoma ce, unguwar nan kaf ba wanda yake ja da maganarta. Ta juya hannun Inna ta duba, ta ce, "Wanga ai maiƙo ne ya yi mata yawa, jini ya yi zafi. A hana ta gyaɗa, a hana ta ƙuli, duk abin da ya haɗa hanya da mai a ɗauke shi."

Maiƙo ya yi yawa, a gidan da ake awon mai da cokali! Da na tsaya na yi tunani na minti ɗaya da na gane maganar ba ta zauna ba. Amma dukanmu da haka muka tashi, gyaɗa tana tayar da ƙuraje. Ɗan ƙuli-ƙulin da nakan sayo mata ranar kasuwa ta riƙa tsotsa, shi ne abu na ƙarshe da ya rage mata ban da masara, shi ma na yanke. Har kashedi na yi wa kowa a gidan.

Sati na biyu zuwa na uku gudawa ta shigo. Harshenta ya yi ja jawur, bakin duk ya yi gyambo, ko ruwa ta sha sai ta runtse ido. Gwaggo ta ce a tsayar da miya, daddawa tana ƙara ruɗa ciki, a bar ta da farin koko kawai. Na yi ta haɗa ruwan gishiri da sukari, na yi ta wankin zannuwa. Igiyar shanyarmu ba ta taɓa zama babu kaya ba a kwanakin nan. Sau biyu na kai ta wani ƙaramin asibiti, muka wuni a layi, aka ba mu maganin gudawa da na zazzaɓi. Ba wanda ya tambaye ni abin da take ci, ni ma ban ga abin faɗi ba.

A sati na huɗu ne hankalin ya fara taɓuwa. Sai ta tambaye ni ko an ɗaure maruƙa. In ta tayar da salla sai ta yi ta yi ba sallama, ko ta tsaya a tsakiya tana kallon tabarma. Wata rana ta kira ni da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun ba a haife ni ba. Sannan Hausarta ta fara zubewa. Yau ta rasa sunan buta, gobe ta rasa na tsintsiya, kafin sati ya zagayo Fillanci kawai take yi, shi ma guntu-guntu. A nan tsoro ya kama ni sosai. Jiki in ya rame ana sa ran ya murmure, amma ina kallon matar nan tana fita daga cikin kanta kullum kaɗan-kaɗan, ban san ko za ta dawo ba.

Sai kuma kalmar nan. Kullum in na dawo daga makaranta, ko jaka ban gama ajiyewa ba nake shiga ɗakinta in shafa mata mai. Da na kama hannunta sai ta riƙe nawa gam, ta jawo shi wajen fuskarta, ta ce, "Biriiji. Biriiji."

Ni biri nake ji. Sai in ce, "Wane biri, Inna? Babu biri a nan, gida ne." Har ƙarƙashin gado na taɓa leƙa mata don ta yarda. Sai ta girgiza kai ta sake faɗa, ni kuma in zare hannuna.

Gwaggo Lami da ta ji ta tafa hannu. Ta ce, "Na faɗa a raina! Iska ce. Dajin nan da ta baro ai ba ita kaɗai ta baro shi ba. Biri take gani, mu ba mu gani." Na buga wa Malam waya na ce, "Inna fa yanzu biri take ta kira." Ya yi salati. Da ya zo ƙarshen sati ya zauna a ɗakinta ya daɗe, yana mata magana da yarensu. Duk da ruɗewar nan, tana jin muryarsa ta ja mayafi ta juya bango, ko tari ba ta yi ba. Mutumin da zai gane kalmar nan cikin daƙiƙa ɗaya, shi ne wanda ba za ta taɓa faɗa a gabansa ba.

Daga nan shawarwari suka yi ta zubowa. Baffan Malam ya aiko da hayaƙi da rubutun sha daga Safana. Yayana ya kawo mai ruƙiyya, ya yi kwana uku yana karatu, Allah ya saka masa, bai karɓi ko sisi ba, kuma shi da bakinsa ya ce mu haɗa da asibiti. Mahaifiyata ta ce tsufa ne kawai, haƙuri ake yi. Wata ƙanwar Malam da take aure a nesa kullum sai ta bugo ta ce a gwada kaza, a gwada kaza. Ranar da ta ce wai ko ba a kula da tsabtar ɗakin ne, na ce mata motar Batsari ba ta daina lodi ba, ta zo ta nuna mini yadda ake yi. Kowa likita ne a waya, amma zane ɗaya ba wanda ya zo ya wanke. Gwaggo Lami dai, duk da abin da zan faɗa a kanta, ita ce take zama da Inna tun safe har in taso daga aiki, ba dangin iya ba na baba. Wannan ba zan manta mata ba.

Akwai ranar da ba na son tunawa, amma in na ɓoye ta rubutun nan bai yi amfani ba. Masu duba makarantu za su zo, na makara, Inna ta ɓata shimfiɗa karo na biyu tun asuba. Ina cikin gyara ta sai ta kama hannuna ta fara. Na fizge. Na ce, "Inna, wallahi kin ishe ni da birin nan! Mutum ya ji da wanki ko ya ji da biri?" Da ƙarfi na faɗa, maƙwabta sun ji. Ta sake ni, ta mayar da hannunta cikin zane. Gwaggo ba ta riga ta shigo ba, ni kuma ina tsoron kada ta fita titi, sai na ja ƙofar na sa kwaɗo na tafi.  Uwar mijina, na kulle ta kamar akuya.

Sati na takwas Malam ya zo. Ya yi sallama ya shiga, ina biye da shi da kofin koko. Inna ba ta ja mayafi ba. Ba ta juya ba. Ta ɗago kai ta zuba masa ido, ta daɗe tana kallonsa, abin da bai taɓa gani ba tun da ya yi wayo, sannan ta tambaye shi da Fillanci ko shi wane ne. Malam ya fito tsakar gida ya dafa bango. Shekara goma sha da aurenmu, ranar na fara ganin hawayensa. Ya ce, "Gobe Katsina za mu, ko me za a tarar a hanya."

Muka bi motar safe, kowa a ciki bakinsa yana motsi da addu'a har muka wuce inda ake tsoro. Asibitin ba zan faɗi sunansa ba. Mun isa da hantsi muka tarar da layi har waje. Malam ya tafi yankar kati, ni na samu gefen benci na zaunar da Inna na jingina ta a jikina. Kusa da mu wata Bafulatana ce doguwa, ta ce daga wajen Ruma suke, ƙafarta ce ta kumbura. Muka gaisa, muka yi wa juna jaje na abin da ya kore kowa daga gidansa. Can Inna ta lalubo hannuna ta fara, "Biriiji, biriiji."

Na ji kunya. Na ce wa matar, "Ki yi haƙuri baiwar Allah, ba ta cikin hankalinta. Biri take gani."

Ta ce, "Mi? Wane irin biri?" Ta sunkuya ta yi wa Inna magana da yarensu, Inna ta amsa da sauri, har muryarta ta canza. Matar ta ɗago ta ce, "Gyaɗa take so. Biriiji ai gyaɗa ke nan. Cewa take ki ba ta gyaɗa."

 Ta ce, "Tun yaushe take faɗi?" Na ce ya fi wata. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta kawar da kai. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Kuma ku ji wautar, duk da haka bakina bai mutu ba, sai da na ce, "Ai an hana ta ne, saboda ƙurajen."

Malam ya dawo da kati. Na ce, "Malam, mene ne biriiji?" Ya ce, "Gyaɗa. Me ya kawo maganar?" Bai rufe baki ba na ga ya gane. Ya ce, "Biri kika ce mini." Na ce haka kunnena ya ji. Ya daɗe yana kallon katin da ke hannunsa, sannan ya ce, "Ni ma ban ce ki maimaita mini yadda ta faɗa ba." Daga ranar har yau bai sake tayar da zancen ba.

Sai bayan azahar muka ga likita, wani matashi ne da gajiya ta cika masa ido. Na fara zuba masa labarin iska da biri, bai ma saurare ni sosai ba. Ya ɗaga haɓar Inna ya dubi wuyan, ya juya hannuwanta, ya sa ta fito da harshe.

Ya ce, "Me take ci?"

Na ce tuwo da koko.

"Na me?"

"Na masara."

"Sai me?"

Na sunkuyar da kai.

"Sai me, Malama?"

Na ce babu. Na faɗa masa yadda muka hana gyaɗa da ƙuli da miya. Ya ajiye biro ya dafe kai. Ya faɗi sunan cutar da Turanci, ban riƙe ba, amma abin da ya biyo baya ya zauna mini daram. Ya ce, "Cikinta a cike yake, ƙwaƙwalwarta ce take jin yunwa." Ya ce masara ba guba ba ce, amma ita kaɗai ba ta riƙe mutum, akwai abin da jiki yake nema da ba ya samu a cikinta, in ya rasa sai fata ta ƙone, ciki ya ɓaci, hankali ya gushe. Ya ce abin yana cikin nama da kifi, nono da ƙwai suna taimakawa, in babu halinsu kuma ga gyaɗa, ga wake, a haɗa da ganye. Ya ce, "Abin da take roƙonku shi ne maganinta."

Malam ya tambaye shi ko za ta dawo daidai. Ya ce fata da ciki za su warke in Allah ya yarda, hankali ma yakan dawo, amma an daɗe, ba zai yi mana alkawarin duka ba.

Kwana shida muka yi a kwance, ana ƙarin ruwa ana ba ta ƙwayoyi. Malam ya sayar da babur ɗinsa. Ma'aikatan jinyar akwai masu tsawa kamar su suka haife ka, akwai kuma wata dattijuwa a cikinsu da take zuwa ta wanke wa Inna baki da auduga a hankali, tana mata wasa, Allah ya ba ta Aljanna. Ranar da gudawar ta tsaya aka ce in kawo kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa, ba tsamiya saboda bakin. Na kai mata cokali na farko. Ta riƙe shi a baki ta daɗe ba ta haɗiye ba, hawaye yana bin gefen fuskarta. Ta shanye kofin tas.

Da muka dawo gida sai ga tambaya: nama ba hali, to me za a dafa? Ni da nake taƙama da girki, ashe shinkafa da taliya na iya. Matan nan na Ruma da suke zaune a tsofaffin azuzuwanmu, waɗanda nake wucewa ina ɗauke kai, wurinsu na je. Wata mai suna Mariya ta zaunar da ni a kan bulo ta koya mini. Ta ce wake a jiƙa shi ya kwana, a murje bawon, a dafa har ya narke, ba zai kumbura wa tsoho ciki ba. Zogale kada a dafa shi har ya mutu, kuma ruwan kada a zubar duka, a zuba a miya. Riɗi a soya sama-sama a daka a barbaɗa a kan komai. Da haka na fara: kunun gyaɗa da safe, da rana faten wake da alayyafo, da yamma tuwo mai laushi, rabi gero rabi masara, da miyar gyaɗa da kabewa, daddawa a maimakon ɗanɗanon kanti. Da bakin ya warke na ƙara da kwaɗon zogale da rama, ƙuli-ƙuli ya ji sosai. Abin haushin, in aka cire wake da gero, duk wannan bai fi ƙarfinmu ba ko a da. Mudun gyaɗa ɗaya sai ya yi mata kwanaki.

Gwaggo Lami ta shigo ta ga kofin kunu, ta ce, "Gyaɗa? Ɗiyar nan kashe ta za ki yi!" Na ce, "Gwaggo, saura ƙiris da ni da ke mu gama wannan aikin tun tuni." Ta yi fushi kwana biyu. Rana ta uku sai ga ta da ƙullin riɗi a gefen zane, ta ajiye mini.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Baƙar fatar ta yi ta saɓewa, sabuwa tana fitowa. Sati biyu ba ta ce uffan da Hausa ba, kullum ina kallon bakinta kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. A sati na uku ina ba ta fate ta ture cokalin ta ce, "Malama, gishiri ya yi yawa." Na ajiye kwanon na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata. Ba a taɓa kushe mini girki na ji daɗi irin na ranar ba. A sati na biyar Malam ya zo a motar haya, ya yi sallama a ƙofarta. Kafin ya ɗaga labule ta ja mayafi ta juya bango. Ya fito yana dariya yana share ido, ya ce, "Ta gane ni."

Ba duka ya dawo ba, kamar yadda likita ya faɗa. Har yanzu hannunta yana rawa, salla sai na zauna kusa ina ƙirga mata raka'a, wani lokaci da la'asar takan tambaya ko shanu sun dawo, sai kuma ta tuna da kanta. Wannan ragowar ni na san daga inda ta fito.

Don haka ga abin da nake roƙon duk wanda ya karanta. In kuna da tsoho a gida, musamman waɗanda aka raba da shanunsu da gonakinsu, kada ku tsaya a kan ya ƙoshi, ku duba da me ya ƙoshi. In kun ga bayan hannu da wuya suna baƙi, ga gudawa, ga ruɗewa, ku yi addu'arku amma ku kai shi asibiti da wuri, ku faɗa wa likita abin da yake ci tun bai tambaya ba. Kada ku hana mutum ganye don gudun bakin mutane. In kuma ya koma yaren da ya sha a nono, ku nemo mai jin yaren, ko a titi ne.

Likita ya ce da yawa ba sa tuna kwanakin ruɗewar, ni kuma na riƙe wannan magana da hannu biyu, ina fatan haka ne. Amma abin ya ƙi barina. Wata la'asar muna zaune a inuwar ɗaki ni da ita, na matsa na durƙusa na ce, "Inna, ina neman gafara. Kin yi ta roƙona abu ban ba ki ba. Ni biri nake ji."

Ta ɗan yi murmushi. Ta ce, "Na sani. Ina jin ki kina faɗa wa mutane. Na nemi sunanta da Hausa in faɗa miki, na nema na nema, ya ɓace mini."

Na ce, "Ashe kina tunawa."

Ta ce, "Wasu na tuna, wasu sun tafi. Ai ba haka kawai nake faɗi ba, Malama. In kin dawo makaranta kin zo shafa mini mai, ƙamshinta nake ji a hannunki."

Gaskiya ta faɗa. Kullum in an fita tara sai na sayi soyayyar gyaɗa a bakin makaranta, in ci a ofis don in samu ƙarfin tsayuwa a aji. In na iso ƙofar gida sai in tsaya in kakkaɓe zanena da kyau, kada ta ga ɓawo ranta ya biya.

Na kasa ɗago kai. Ta dafa ni da hannun nan mai rawa ta ce, "Tashi. Na yafe miki duniya da lahira, ai ke kika wanke ni."

Ita ta yafe. Ni ce har yau in zan shiga ɗakinta sai na tsaya a bakin ƙofa na shinshina hannuna.